Inuwar Ɗan Gwaggona

Na yi shekaru ina koya wa 'ya'yan mutane labarin ƙasa a Haɗeja. Ina zana musu rana a allo da alli, ina nuna musu inda take fitowa da inda take faɗuwa, kamar ba su ne suke wuni a ƙarƙashinta a gonakin shinkafa ba. Saboda haka in na ce rana ta ci amanata a ƙofar gidana, a fahimci cewa tsohuwar abokiyar aiki nake ƙara.

Layinmu a bakin gari yake, ta wajen kogi. Duk ƙofofin gidajenmu yamma suke kallo, kuma ba komai a gabansu sai hanya, sai fadama shimfiɗe har inda ido ya gaji. Da safe wuri ne mai daɗin zama. Daga azahar kuwa sai rana ta sauko ta tsaya a ƙofar kowa, kamar baƙon da bai san lokacin tashi ba.

Abin da ya rufa mana asiri shekara da shekaru shi ne wata tsohuwar darbejiya a ƙofar gidana. A ƙarƙashinta majalisarmu take. In an idar da la'asar sai dattawan layi su zo su zauna a dakalina har a kira magariba. Ba sarauta ba ce, na sani. Amma mutumin da ya saba in ya shiga aji yara su miƙe tsaye, ranar da ya ajiye alli ba abin da ya rage masa sai waɗanda za su zo ƙofarsa ba tare da an aika musu ba.

Ginshiƙin majalisar wani tsohon goni ne, Babarbare, wanda kakanninsa suka zo daga gabas. Ba shi da yawan magana, in kuma ya yi, Hausarsa tana fitowa da ɗan gishirin Barebari. Inda ya shimfiɗa buzunsa, nan ne majalisa. Ba wanda ya kafa wannan doka, ba kuma wanda ya taɓa karya ta.

Shekarar da ruwa ya shigo unguwa ya kwanta mana a tsakar gida, saiwar darbejiyar ta ruɓe, iskar damina ta gaba ta kwantar da ita. Na kafa rumfar zana a wurinta. Rumfa tana tare ranar da ke bisa kai ne kawai. Ranar la'asar ta gefe take zuwa, ta leƙo ƙarƙashin rumfa ta sami mutum a fuska. Dattawa suka yi ta haƙuri, kowa da hannu a goshi kamar masu duban wata.

Gidaje kaɗan daga nawa, ta kudu, akwai ɗan gwaggona, dillalin shinkafa. Taubashina ne. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka a al'ada bawana ne, ko da yake tun muna yara bai taɓa yarda ba, shi ma haka yake kirana. Tsakaninmu ba kunya, ba kuma fushi: duk abin da ya faɗa mini wasa ne, duk abin da ya ɗauka a gidana halak ne. Mun yi firamare tare. Abin da ya fi tunawa daga makarantar shi ne ƙosan da ake sayarwa a bakin ƙofa.

Wata salla, wani tsohon ɗalibina da aiki ya kai shi Kalaba ya zo gaishe ni, ya kawo mini tsarabar dashe biyu a cikin buhu. Ya ce bishiyar ado ce da ake dasawa a can. Ganyenta irin na ayaba, amma ba ta ba da ayaba. Abin mamakinta shi ne ganyen ba sa zagaye gindi kamar na sauran itatuwa. Jeruwa suke yi dama da hagu a layi ɗaya, a baje. Tana da fuska, tana da gefe. In ka tsaya a gabanta ka ga mafici cikakke, in ka koma gefenta ba ka ganin komai sai sanda. Daga baya mutanen layi suka sa mata suna mafici, sunan ya bi ta.

Ɗan gwaggona yana wurin lokacin da aka buɗe buhun. Ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya.

Na ce, "Kai bawa, ajiye. Ni aka kawo wa."

Ya ce, "Abin da aka kawo wa bawana, ai ni aka kawo wa. Ka gode Allah na bar maka ɗaya."

Ɗalibina yana dariya, ni ma ina yi. Taubashi ba ya roƙo, ɗauka yake.

Ban dasa tawa a ranar ba. Na bar ta a inuwa ina jiƙa buhun, na koma kan littattafaina. A wani tsohon littafin tsirrai na karanta cewa a tsibirin da ta fito, matafiya suna cewa tana baje ganyenta ne tsakanin gabas da yamma. Na ƙara da nawa tunanin: bishiyar da ta saba da ruwan kudu, in ta ba ranar bazara ta Haɗeja cikakkiyar fuskarta da yamma, ƙonewa za ta yi. In kuwa ta ba ta gefe, ranar za ta wuce ta samu abin kamawa kaɗan. Sai dalili na uku, wanda ya fi burge ni: hannunta ɗaya zai nuna gabas, duk baƙon da ya zo zai san alƙibla ba tare da ya tambaya ba.

Na fito da kamfas da zare da turaku biyu. Na ja layi daga bangon gidana zuwa hanya, na dasa ta a gaban dakali, hannu ɗaya yana nuna ƙofata, ɗaya yana nuna fadama.

Shi kuwa ɗan gwaggona, yana isa gida ya sa aka tona rami a gaban nasa dakalin, ya cusa ta. Da ya ga ganye ɗaya ya miƙo kan hanya, sai ya murɗa ta ta bi tsawon bango, hannu ɗaya kudu ɗaya arewa.

Na je na same shi, na ce, "Ka san abin da ka yi? Ka ba ta yamma gaba da gaba. Za ta soyu."

Ya ce, "Malam, ni dai kada ta tare wa motar shinkafa hanya. In ta soyu mu ci da yaji."

Wannan shi ne iyakar ilminsa a kan lamarin. Ina so a riƙe wannan, domin daga baya an yi ta maganar wai ya hango wani abu. Bai hango komai ba sai motar shinkafa.

Ƙasar layinmu tana da ruwa kusa, kuma mu duka biyun muna da rijiya. Bishiyoyin suka kama. Cikin 'yan shekaru kowacce ta wuce tsawon mutum biyu. Kuma abin da na faɗa ya tabbata harafi da harafi. Tawa ta tashi kore shar, ganyenta a jere kamar ɗaliban da aka shirya wa zuwan mai duba makarantu. Tasa kuwa duk bazara sai bakin ganyenta ya ƙone ya yi ja, iska ta yayyaga sauran, ta zama kamar an shanya tsummokara. Amare suka fara tsayawa a jikin tawa suna ɗaukar hoto. Masu adaidaita sahu suka mai da ita kwatance: a sauke ni wajen mafici mai kyau. Akwai wani, ke nan, marar kyau. Na ji daɗin wannan ƙwarai, ban kuma ɓoye ba.

Ina cikin jin daɗin ne na cire rumfar zana, don tana ɓata wa bishiyar kyau. Ranar da na cire ta, bayan la'asar, na tsaya in ga inuwar da na yi shekaru ina reno. Ta zo. Siririya ce, miƙaƙƙiya, kamar an ɗora rula a kan dakali. Mutum ɗaya za ta ɗauka, shi ma in ramamme ne. Kuma ba ta zama wuri ɗaya, tafiya take a hankali, sai mai ita ya riƙa binta da mazaunai.

Na ɗaga kai na dubi kudu. Tsummokaran ɗan gwaggona sun tare ranar gaba ɗaya kamar labule. Inuwa ta kwanta a dakalinsa faffaɗa, ta hau bango, har ta yi saura. Akuya biyu ne a ciki suna tuƙa.

Na mai da rumfar washegari, amma an riga an gani.

A cikin 'yan majalisa, mai sayar da busasshen kifi ne ya fara zamewa. Ya ce zai je ya karɓo wani saƙo ya dawo. Ina hango shi a can har magariba yana karɓar saƙon a zaune. Sai tsohon direba ya bi shi, sai tela. Kowa da uzurinsa, kuma duk uzurin a gida ɗaya suke ƙarewa. Goni ne ya daɗe. Ya riƙa zama a cikin siririyar inuwar nan, ina gefensa a rana, muna matsawa tare. Wata rana a tsakiyar bazara, bayan mun gaisa, bai shimfiɗa buzun ba.

Ya ce, "Malam, ba don komai ba. Idona ne, hasken nan yana sa shi ruwa."

Na ce, "Allah ya sawwaƙe, Baba."

Ya ce, "Amin. Ai duk gida ɗaya ne."

Ba gida ɗaya ba ne. Na bi buzun da ido har ya sauka a dakalin bawana.

Na yi kwanaki ina zama ni kaɗai da rediyo. Dariyarsu tana zuwa mini da iska, kuma dariyar da ba ka ji farkonta ba kullum kamar da kai ake yi. Uwargidana ta leƙo wata rana ta ce, "Malam, in kawo shayin kofi nawa?" Ta san amsar. Shekarun aurenmu sun ba ta damar irin wannan tambaya.

Malamai sun raba abin gida biyu. Akwai hassada, wato ka so ni'imar ɗan'uwanka ta gushe, wannan haramun ce. Akwai kuma ka so irin tasa ba tare da tasa ta taɓu ba, wannan ba laifi. Na san bambancin, na ma taɓa bayyana wa yara shi ranar da malamin addini bai zo ba. Abin da ke zuciyata a lokacin a kan iyakar biyun ya kafa bukka. Ban taɓa roƙon Allah ya kayar da bishiyarsa ba. Amma duk ranar da aka yi iska mai ƙarfi, da safe kudu nake fara dubawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rashin cancanta. Da wani mai lambu ne ya fi ni, da na je na zauna na koya. Wannan kuwa mutum ne da yake zuba wa bishiyarsa ruwan wankin babur.

Daga ƙarshe na je. Ba a ƙaurace wa taubashi, gari zai yi da kai. Na yi sallama, aka matsa mini. Inuwar tana da sanyi, wannan ma sai da ya ba ni haushi. Na zauna na lura duk fuskokinsu arewa suke kallo. Na bi kallon nasu.

Bishiyata ce. Daga dakalina ban taɓa ganin komai ba sai gefenta. Daga nan kuwa ga ta gaba da gaba, a buɗe, kore, ranar yamma tana bi ta tsakanin ganyenta, sama tana bayanta. Ban taɓa zama na gan ta haka ba. Ni na yi awo, ni na yi ban ruwa, ashe wa ƙofar ɗan gwaggona na yi wa ado.

Goni ya ce, "Malam, sannu da ƙoƙari. Tun da muka dawo nan muke sa maka albarka. A can ba mu san haka take ba."

Ɗan gwaggona ya miƙe ƙafa ya ce, "Ai haka ake so, Baba. Ubangida ya zauna a inuwa, bawa ya dasa masa abin kallo. Kai bawa, gobe ka ƙara mata ruwa, na ga ganye ɗaya ya yi laushi."

Aka yi dariya har tela yana tari. Na ce masa ko jaki ya taka wuri mai kyau wata rana, ba ya zama injiniya. Aka yi dariya kaɗan, ta ladabi.

A hanyar komawa gida na yanke shawara zan juya ta.

Uwargida ta ce, "Bishiya ce fa, Malam, ba kujera ba. In ta mutu fa?"

Na ce, "In ta mutu sun rasa abin kallo."

Ta dube ni, ta ce, "Kai kuma ka rasa me?"

Na san in ta mutu na tashi ba bishiya ba majalisa, kuma shekaruna ba na sake reno daga buhu ba ne. Amma na riga na ga buzun Goni a ƙofar wani.

Na jira damina ta sauka ƙasa ta yi laushi. Na kira masu lambu daga fadama. Suka haƙa rami zagaye da ita, da nisa, don su ɗauko saiwar da ƙasarta, suka naɗe da buhuna, suka ɗaura igiyoyi. Majalisa gaba ɗaya ta taso kallo, karo na farko ke nan da ta dawo ƙofata. Ɗan gwaggona, wanda ba wanda ya gayyace shi, ya naɗa kansa shugaban aiki.

"Ku ja ta nan! A'a, ta can! Ku bi a hankali, makaranta ce guda kuke juyawa! Malam, ina kamfas ɗin? Ko yau ido za mu yi amfani da shi irin na jahilai?"

Bishiyar ta yi ƙara, ta karkata har na rufe ido, sannan ta juyo ta bi tsawon bango, hannu ɗaya kudu ɗaya arewa. Daidai yadda motar shinkafa ta tsara.

Wajen haƙar ne aka ga wata 'ya ta tsiro a gindinta, mai ganye 'yan kaɗan. Masu lambu suka raba ta da uwar suka ajiye gefe. Kafin in juyo, tana hammatar ɗan gwaggona.

Na ce, "Ajiye!"

Ya ce, "Ladan shugabanci." Ya wuce.

Makonnin da suka biyo baya ba na son tuna su. Ganyen suka sunkuya ɗaya bayan ɗaya, na ƙasa suka bushe na sassare su. Masu adaidaita sahu suka daina kwatance da ita. Kullum da safe nakan tsaya in leƙa tsakiyarta, inda sabon ganye yake fitowa, ban ga komai ba. Ɗan gwaggona yakan tsaya da babur ya tambaye ni ya mai jiki. Sai wata safiya, wajen ƙarshen damina, na ga wani abu kore ya leƙo, a naɗe kamar sabuwar tabarma. Na shiga gida na ce wa uwargida ta fito ta gani. Ta ce alhamdu lillahi, yanzu sai in riƙa cin abincina da zafinsa.

Bazara ta zo, ranar yamma ta sami fuskar bishiyata ta yi mata abin da na ce za ta yi. Bakin ganye ya ƙone, iska ta yayyaga. Har yau ban yarda lissafina na farko kuskure ne ba: ga hujja nan a ƙofata, ja, a yage. Amma da la'asar inuwa ta kwanta a dakalina daga wannan kai zuwa wancan, kuma dakalina ya fi nasa tsawo.

Ban gayyaci kowa ba. Na dai sa an share, an yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarmi. Masallacinmu ta arewa yake, duk mai zuwa gidan ɗan gwaggona sai ya bi ta ƙofata. Kwana da kwanaki suna wucewa muna gaisawa. Ran nan Goni ya tsaya. Ya dubi inuwar, ya dubi sauran tafiyar da ke gabansa, ya taɓa gwiwarsa.

Ya ce, "Can ɗin ma yanzu ba abin kallo, ka juya mana shi."

Ya sauke buzun.

Sauran suka biyo baya kamar ba su taɓa tashi ba. Mai kifi ma har da cewa shi dama can bai taɓa jin daɗin wancan dakalin ba, yana da tudu. Ɗan gwaggona ne ya zo ƙarshe, da kujerarsa ta roba a ka, ya dasa ta a tsakiyar inuwar, ya ce ya zo duba aikin da ya koyar.

Na samu abin da nake so, ya kamata labarin ya tsaya nan. Sai dai akwai 'yar nan da ya tafi da ita a hammata. Ya dasa ta a kusurwar gidansa da ke wajenmu. Kuma bai murɗa ta ta bi bango ba. Ya aiko aka karɓi kamfas ɗina da zarena a hannun uwargida ranar da na je garin Kafin Hausa ta'aziyya, ya ja layi daga gabas zuwa yamma, ya ba rana gefenta, yadda littafina ya ce. Yanzu ta kai kafaɗar mutum. Kore ce shar, ba ƙuna ko ɗaya, fuskarta a buɗe tana kallon dakalina.

Majalisa tana ƙofata kullum bayan la'asar, uwargida ta koma dafa shayi a babbar buta. Amma duk fuskokinsu kudu suke kallo. Jiya Goni ya nuna ta da sanda ya ce, "Malam, ta bawan nan naka tana tasowa da kyau. Yana da hannu."

Ɗan gwaggona ya ce, "Baiwa ce, Baba. Ba a koyonta a makaranta."

Ni na zauna a ƙarshen dakali na juya ina kallon fadama, inda ake yankan alkama, don ba dole ne mutum ya kalli duk abin da aka nuna masa ba.

Wata 'yar ta sake tsirowa a gindin tawa. Na kife ta da kwando kada ya gani. Na auna ƙofar gidana ciki da waje, na auna tsakar gida, ina neman wurin da zan dasa ta in riƙa ganin fuskarta shi kuwa ya ga sanda. Akwai wani lungu bayan rijiya da nake ganin zai yi, amma sai na gwada da kamfas, kuma har yau bai dawo mini da shi ba.